Tsohuwar Jif Ta Yaƙin Duniya: Yadda Gyaran Motocin Soja Ya Zama Sana'a Mai Kawo Kuɗi

A watan Yuni na shekarar 2024, lokacin da aka yi bikin cika shekara 80 da saukar sojojin ƙawance a gaɓar tekun Normandi ta ƙasar Faransa, ɗaruruwan tsofaffin motocin jif masu launin kayan soja sun cika titunan ƙauyukan yankin. Ba rundunar wata ƙasa ce ta kawo su ba. Mafi yawansu mallakar fararen hula ne, waɗanda suka saye su a lalace, suka kashe kuɗi da lokaci har suka mayar da su kamar ranar da suka fito daga masana'anta. Bayan wannan sha'awa akwai kasuwa babba da ta haɗa makanikai, masu ƙera kayan gyara, dillalai da kamfanonin gwanjo a ƙasashe da dama, kuma akwai darasi a cikinta ga masu harkar motoci a Nijeriya.

Asalin motar

A tsakiyar shekarar 1940, bayan da sojojin Jamus suka mamaye Faransa cikin 'yan makonni, rundunar sojan Amurka ta ga cewa tana bukatar ƙaramar mota mai sauƙin nauyi, wadda za ta maye gurbin doki da babur wajen leƙen asiri da kai saƙo a fagen fama. A watan Yuli na wannan shekara ta aika wa kamfanoni 135 takardar neman tayi. Sharuɗɗan sun yi tsauri ƙwarai: motar ta yi tafiya da dukkan tayoyinta huɗu, nauyinta kada ya wuce kimanin kilo 590, sa'an nan a kawo samfurin farko cikin kwana 49.

Kamfanoni biyu ne kawai suka amsa da farko, wato American Bantam na garin Butler a jihar Pennsylvania, da Willys-Overland na birnin Toledo a jihar Ohio. Bantam, wanda ƙaramin kamfani ne da ke dab da durƙushewa, ya ɗauko wani injiniya mai suna Karl Probst ya zana motar, kuma ya kai samfurinta sansanin gwaji na Holabird a jihar Maryland a watan Satumba, cikin wa'adin da aka ɗiba. Sai dai hukumomin soja sun yi shakkar ko kamfanin zai iya ƙera motoci da yawan da yaƙi zai bukata. Saboda haka suka bar injiniyoyin Willys da na Ford suka duba motar, kowanne ya je ya ƙera tasa. Daga baya aka sassauta sharaɗin nauyi zuwa kimanin kilo 980, domin an ga cewa ba za a iya cika na farkon ba.

A watan Yuli na 1941 Willys ya sami kwangilar motoci 16,000, kowace a kan kimanin dala 739. Abin da ya ba shi galaba shi ne rahusar farashi da kuma injinsa mai silinda huɗu da ƙarfin doki 60, wanda ya fi na abokan takararsa ƙarfi. Da bukata ta ƙaru, sai gwamnati ta sa Ford ya riƙa ƙera irin motar bisa zanen Willys, ta yadda kayan gyaran wannan za su shiga waccan. Zuwa ƙarshen yaƙin a 1945, Willys ya ƙera kimanin 360,000 na samfurin da ake kira MB, Ford kuma kimanin 280,000 na samfurin GPW, jimla wajen 640,000 ke nan. Bantam, wanda shi ya fara kawo motar, bai ƙera fiye da kimanin 2,700 ba. Ya ƙare da ƙera ƙananan tireloli da jif ɗin ke ja. Masana harkokin masana'antu kan kawo wannan a matsayin misalin cewa wanda ya fara ƙirƙiro abu ba lalle ne ya ci ribarsa ba, muddin ba shi da jari da ƙarfin samar da shi da yawa.

Aikinta a fagen fama

Motar ba ta da ƙofofi, ba ta da wani abin jin daɗi. Giyarta uku ce ta gaba da ɗaya ta baya, tare da giyar taimako wadda ke aika ƙarfin injin zuwa tayoyin gaba idan an shiga yashi, taɓo ko hawa. Tankin mai yana ƙarƙashin kujerar direba, gilashin gaba ana kwantar da shi a kan bonet, shebur da gatari suna ɗaure a gefe, jarkar mai da safayar taya kuma a baya. Da wannan sauƙin gini ta yi aikin ɗaukar hafsoshi, jan ƙananan bindigogin igwa, shimfiɗa wayar sadarwa da kwasar waɗanda suka ji rauni. Amurka ta ba ƙawayenta da yawa daga ciki, har Tarayyar Sobiyat ta karɓi kimanin 50,000.

Mazan jiya na Nijeriya sun san wannan mota a yaƙin Bama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi sojoji daga Nijeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya, ta sare kurmi da duwatsu tsakanin ƙarshen 1943 da farkon 1944, ta buɗe hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 zuwa kwarin kogin Kaladan. A irin wannan ƙasa babbar mota ba ta iya shiga. Daga jif sai ɗan dako sai jirgin sama mai jefo kaya. Sunan motar ya zauna a bakin Hausawa har yau, inda duk wata doguwar mota mai iya shiga daji ake kiranta jif, ko da wane kamfani ne ya ƙera ta.

Daga bariki zuwa kasuwa

Tun kafin a gama yaƙin Willys ya fara shirin sayar wa manoma motar. A 1945 ya fitar da samfurin farar hula mai suna CJ-2A, kuma a 1950 ya sami rajistar sunan Jeep a matsayin tambarin kasuwancinsa. Wannan suna ya zama kadara mai daraja wadda ta riƙa sauya hannu: Kaiser ya sayi Willys a 1953, American Motors ya sayi sashen jif a 1970, Chrysler ya sayi American Motors a 1987, galibi domin ya mallaki sunan, kuma tun 2021 yana hannun rukunin kamfanonin Stellantis. Kamfanoni da dama da suka riƙe shi sun shuɗe, amma sunan bai faɗi ba.

Har ila yau, motar ta zama tushen masana'antu a wasu ƙasashe. Kamfanin Mahindra na Indiya ya fara harhaɗa ta bisa lasisi a ƙarshen shekarun 1940, daga nan ya girma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera motoci na ƙasar. Mitsubishi ya ƙera ta a Japan daga 1953 har zuwa 1998. Hotchkiss na Faransa ya ƙera wa sojan ƙasarsa kimanin 27,000 tsakanin tsakiyar shekarun 1950 da 1966. A ƙasar Filifin, jif ɗin da sojojin Amurka suka bari su ne maƙera suka tsawaita suka mayar motocin haya, waɗanda suka zama alamar sufurin ƙasar.

A Ingila kuwa, babban mai zanen motoci na kamfanin Rover, Maurice Wilks, yana amfani da wata tsohuwar jif a gonarsa ta tsibirin Anglesey. Daga nan tunanin Land Rover ya fito, kuma a kan ƙashin jif aka gina samfurin gwajinta na farko. An nuna ta ga jama'a a baje kolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948, a kan fam 450. Da yake a lokacin gwamnatin Ingila tana rabon ƙarfe da awo, sai aka yi jikinta da alminiyam, abin da ya sa ba ta saurin tsatsa kamar sauran motoci. Ita ma Land Cruiser ta Toyota ta samo asali ne daga wata mota da aka ƙera a 1951 domin neman kwangilar rundunar tsaron cikin gida ta Japan, aka raɗa mata sunanta na yanzu a 1954.

Yadda ake gyaran

Akwai bambanci tsakanin gyaran da makanike ke yi domin mota ta tashi ta ci gaba da aiki, da irin wanda masu wannan sana'a ke yi. A nan manufar ita ce a mayar da motar yadda take a shekarar da aka ƙera ta, har zuwa irin noti da launin waya.

Matakin farko shi ne tantance asalinta. Ana duba lambar ƙashin motar, lambar injin da allunan bayani da ke manne a gaban kujerar fasinja, a ga ko sun dace da juna da kuma shekarar da aka ce an ƙera ta. Masana suna bambance ta Willys da ta Ford ta hanyar ƙarfen da ya gitta gaban ƙashin motar: na Willys zagayayye ne kamar bututu, na Ford kuwa lanƙwasasshe ne mai buɗaɗɗen ƙasa. Bugu da ƙari, Ford ya riƙa buga harafin F a kan kayayyakinsa, har da ƙananan kusoshi masu noti, don haka mai gyaran GPW kan yi watanni yana neman masu wannan alama. Haka kuma motocin Willys na farko, kimanin 25,000, fuskarsu ta sandunan ƙarfe ce da aka yi wa walda, kafin a koma ga fuskar da aka buga daga falle ɗaya mai tsagi tara. Irin waɗancan na farko sun fi ƙaranci, saboda haka sun fi tsada.

Tantancewar ba ta da sauƙi, domin su kansu sojoji sun riƙa cakuɗa kayan. A lokacin yaƙi da bayansa, ma'aikatun gyara na soja kan wargaza motoci da yawa lokaci guda su sake haɗa su ba tare da kula da wane inji ya fito daga wace mota ba. Ma'aikatar sojan Faransa da ke La Maltournée, kusa da Faris, ta shafe shekaru tana wannan aiki, tana haɗa kayan Willys da na Ford da na Hotchkiss a mota ɗaya. Don haka jif ɗin da dukkan manyan sassanta suka fito tare daga masana'anta ba ta da yawa, kuma wannan ƙaranci shi ne ginshiƙin farashinta.

Bayan tantancewa sai a wargaza motar ɗungurungum, a ɗauki hoton kowane sashe, a sa masa lamba. Ana raba jiki da ƙashi, a kankare tsohon fenti da tsatsa da feshin yashi, a duba ko ƙashin ya karkace. Inda ƙarfe ya ci, musamman daɓen motar da ƙarƙashin tankin mai, sai a yanke a yi wa sabon falle walda. Daga nan a koma kan inji: a sake fistin da ringi, a gyara kafireta da lagireto, a buɗe giya, a sake birki. Wutar motar ta asali mai ƙarfin bolt 6 ce. Wasu kan mayar da ita 12 domin sauƙin tayarwa, amma hakan yana rage mata daraja a idon masu neman ta asali. A ƙarshe a fesa mata fenti kore mai duhu marar ƙyalli, a rubuta lambar soja a bonet da farin tauraro. Aikin kan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci shekaru, idan mutum ɗaya ne ke yin sa a garejin gidansa.

Kasuwar da ke bayan sana'ar

Abin da ya sa sana'ar ta ɗore shi ne samuwar kayan gyara. Akwai ragowar kayan soja da ba a taɓa amfani da su ba, waɗanda har yanzu ake samu cikin takardarsu ta asali mai maiƙo, akwai kuma sababbi da ake ƙerawa. Kamfanin MD Juan na ƙasar Filifin ya shahara wajen ƙera cikakken jikin jif na zamanin yaƙi yana aikawa Amurka da Turai. Wato ƙasar da ta fara da gyaran motocin da aka bar mata, ta koma tana sayar wa masu motar kayan gyaranta.

Dokokin ƙasashen da ke sayen motocin su ma suna taimaka wa kasuwar. A Amurka, motar da ta kai shekara 25 ana iya shigo da ita ba tare da ta cika sharuɗɗan kariyar haɗari na sababbin motoci ba. A Ingila, wadda ta haura shekara 40 tana iya samun sassauci daga harajin hanya da binciken lafiyar mota na shekara-shekara. A Jamus ana ba motar da ta kai shekara 30, kuma aka kiyaye ta yadda take, lamba ta musamman mai rangwamen haraji. Waɗannan dokoki ne suka sa dillalai ke yawo ƙasa-ƙasa suna neman tsofaffin Land Rover da Land Cruiser da suka kai shekarun.

Su ma kamfanonin da suka ƙera motocin sun shigo kasuwar. A watan Disamba na 2015 an yi gwanjon Land Rover ta cikon miliyan biyu a London a kan fam 400,000, kuma ranar 29 ga Janairu, 2016 aka daina ƙera tsohon samfurin Defender a masana'antar Solihull. A wannan shekara ce kamfanin ya sanar da shirin sayo motoci 25 na samfurinsa na farko, ya gyara su da kansa ya sayar, a kan farashin da ya fara daga fam 60,000. Motar da aka sayar fam 450 a 1948 ke nan, ko da yake dole a tuna cewa darajar fam ta wancan lokaci ba ita ce ta yau ba.

Duk da haka, masu harkar kan yi gargaɗin cewa ba kowa ke cin riba ba. Sau da yawa kuɗin kayan gyara da ladan ma'aikata kan zarce abin da motar za ta kawo a gwanjo, musamman idan ba ta da takardun tarihi. Akwai kuma 'yan damfara masu haɗa mota da sababbin kaya su manna mata tsohon allon lamba. Shekaru da yawa an yi ta yaɗa jita-jita a Amurka cewa ana sayar da sabuwar jif ta soja cikin akwati a kan dala 50, aka riƙa karɓar kuɗin mutane da sunan za a nuna musu inda ake samu, alhali babu irin wannan ciniki.

Abin da ya shafi Nijeriya

Jif ta zamanin yaƙi ba ta da yawa a ƙasar nan, amma 'yar'uwarta Land Rover ta yi aiki a kowane lungu. Ita ce motar jami'an mulki, 'yan sanda, soja, malaman asibiti, malaman dabbobi da na gona, tun kafin samun mulkin kai har shekaru da yawa bayansa. A yau ana ganin gawarwakin irin waɗannan motoci a bayan ofisoshi da garejoji, ciyawa ta rufe su. Abin da ya fi faruwa shi ne a sayar wa 'yan gwangwan, su yayyanka su auna a sikeli, a kai masana'antar narka ƙarfe. Da zarar an yanka ƙashin mota mai ɗauke da lambarta, darajarta ta tarihi ta tafi ke nan har abada, kuɗin da aka karɓa kuma na nauyin ƙarfe ne kawai.

Ta fuskar gwaninta, ƙasar ba ta rasa hannu ba. Kasuwar Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano da masana'antun kayan gyara na Nnewi sun tara makanikai, masu walda da masu gyaran jikin mota waɗanda suka saba rayar da motar da aka fid da rai da ita. A shekarun 1970 gwamnati ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci a Kaduna, Legas, Ibadan, Enugu, Bauchi da Kano, waɗanda suka horar da dubban ma'aikata kafin yawancinsu su durƙushe. Abin da wannan sana'a ke bukata ƙari a kan haka shi ne haƙuri da bin ƙa'ida: a ajiye takardun mota, a rubuta duk abin da aka sauya, a guji sa injin wata mota ko yanke jiki domin ƙara wurin kaya. Gyaran da ke sa mota ta yi aikin yau, shi ne sau da yawa ke zubar da farashinta a kasuwar masu tara kayan tarihi.

Akwai kuma batun doka da ya kamata mai sha'awa ya sani. Tun 1977 akwai dokar da ta haramta wa farar hula tuƙa mota mai fentin koren soja a Nijeriya. Saboda haka wanda ya gyara tsohuwar motar soja ya mayar mata da launinta na asali yana bukatar neman bayani daga hukumomin da abin ya shafa kafin ya hau titi da ita. Haka kuma dokokin kwastan sun ƙayyade shekarun motar da za a iya shigowa da ita, don haka mai niyyar sayo irin wannan mota daga waje sai ya fara tuntuɓar hukumar. Wanda zai sayi motar gwamnati ko ta soja a gwanjo kuma, lalle ne ya karɓi cikakkun takardun da ke nuna an sallame ta, domin su ne kariyarsa a gaban doka, su ne kuma shaidar asalin motar ranar da zai sayar.

Ma'aikatu da ƙananan hukumomi da ke da irin waɗannan motoci a ajiye suna iya sa a tantance su kafin a sa su cikin jerin kayan da za a yi gwanjonsu a matsayin ruɓaɓɓen ƙarfe. Wadda ke da tarihin aiki na musamman tana iya samun wuri a gidajen tarihi, kamar Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, inda ake ajiye motoci da makaman soja. Sauran kuma ana iya sayar da su ga masu gyara a kan farashin da ya dace da su, ko a ba makarantun koyon sana'a domin horar da ɗalibai, tun da ginin motocin mai sauƙi ne, kowane sashe a fili yake.

Jif ɗin da aka zana cikin gaggawa a 1940 ba a yi ta domin ta daɗe ba. An yi ta ne domin ta yi aikin yaƙi a jefar. Ta kai yau ne saboda wasu sun ajiye lambobinta da littattafan gyaranta, wasu kuma sun ci gaba da ƙera kayanta. Tsofaffin motocin da suka yi wa Nijeriya aiki suna bukatar irin wannan kulawa, kuma yawansu yana raguwa a duk lokacin da aka ɗora wata a kan sikelin 'yan gwangwan.